Masu Sayar Da Labarin Aikin Tuƙin Jirgi: Daga Atlanta Zuwa Ƙauran Namoda



Yau za mu taɓa tarihin wata haja da ba a auna ta da mudu, ba a ɗinke ta a buhu, amma an daɗe ana cinikinta: labarin inda ake ɗaukar aiki, da lokacin da za a ɗauka, da abin da za a tambaye ka idan ka je. Mun zaɓi aikin tuƙin jirgin sama ne saboda a nan wannan ciniki ya fi fitowa fili, har ya zama kamfanoni masu ofis da mujalla da ma'aikata. A nan ne kuma aka fi ganin abin da intanet ta yi wa masu sayar da labari. Za mu fara da Amurka, inda kasuwar ta yi tashe ta faɗi, sannan mu dawo gida arewacin Zamfara, mu duba yadda ɗan Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi yake samun irin wannan labari jiya da yau.

Kafin a gane dalilin da zai sa matuƙin jirgi ya cire kuɗi ya sayi labari, sai an san wani tsari da manyan kamfanonin jiragen Amurka suke bi. Ranar da aka ɗauke ka aiki ita ce lambarka a layi har ka yi ritaya. Lambar nan ce take yanke irin jirgin da za ka tuƙa, da garin da za ka zauna, da ranakun hutunka, da shekarar da za ka tashi daga kujerar dama ta mataimaki ka koma kujerar hagu ta kyaftin. Ita ce kuma take nuna wanda za a fara sallama idan kasuwa ta yi sanyi, domin daga ƙasan layi ake farawa. Idan ka bar wannan kamfani ka koma wancan, ko shekara 20 ka yi kana tuƙi, ƙarshen layi za ka koma kamar sabon shiga. To ka ga ke nan wanda ya riga ɗan uwansa jin labari da wata biyu, ya riga shi shiga, zai iya riga shi zama kyaftin da shekaru. Saboda haka kuɗin da mutum zai biya don ya ji labari da wuri ba komai ba ne a kan abin da zai samu.

A shekarar 1974 wani matuƙin jirgi mai suna Louis Smith ya kafa kamfanin da aka fi sani da FAPA, wanda ya yi zamansa a birnin Atlanta. Bayan shekara 4, a 1978, gwamnatin Amurka ta cire hannunta daga tsara farashin tikiti da rabon hanyoyin jirage, sai harkar ta rikice. Sababbin kamfanoni suka yi ta ɓullowa, tsofaffi suna durƙushewa. Braniff ya tsaya a 1982, Eastern da Pan Am suka bi shi a 1991. Duk lokacin da kamfani ya faɗi, dubban matuƙa ne suke fitowa neman aiki, kowa yana tambayar ina ake ɗauka. Ruwa ya zo wa mai sayar da labari daidai gonarsa. A 1989 wani matuƙin kamfanin United, Kit Darby, wanda ya taɓa aiki da FAPA, ya buɗe nasa mai suna AIR Inc., shi ma a Atlanta.

Me suke sayarwa? Mutum zai biya kuɗin shekara ya zama mamba. Duk wata a aiko masa da mujalla da takardar labarai ta gidan waya: kamfani kaza ya ɗauki mutum kaza, kamfani kaza yana son mai awa kaza a sama, wancan ya rufe ƙofa sai baɗi. Akwai kundin adireshin ofisoshin ɗaukar ma'aikata, akwai jadawalin albashi, akwai lambar waya da za ka kira ka yi shawara. Suna gyara wa mutum takardar neman aiki, suna koya masa yadda zai amsa tambayoyi, suna shirya taro a otal inda masu nema za su yi ido huɗu da masu ɗauka.

Amma ku lura da wani abu, domin shi ne gishirin wannan tarihi. Mafi daɗin hajar, wato abin da ake tambaya a ɗakin ganawa da irin gwajin da ake yi wa mutum a na'urar koyon tuƙi, ba a ofishin Atlanta ake ƙirƙirarsa ba. Daga bakin matuƙan da suka je ganawar suka dawo yake fitowa. Kamfani yana tattara abin da abokan cinikinsa suka sani, ya tace, ya buga, ya sake sayar musu. Babu ha'inci a ciki, aiki ne na gaske, domin a lokacin matuƙin da ke Dallas ba shi da hanyar jin abin da ya faru da na Chicago sai ta hannun mai tattarawa. Abin da ake biya shi ne kuɗin tattarawa da kuɗin aikawa.

Wannan gurbi ne intanet ta shiga. Daga tsakiyar shekarun 1990 matuƙa suka fara haɗuwa a zaurukan hira na intanet. A Ingila aka buɗe PPRuNe, wanda sunansa ma yana nufin zauren jita-jitar matuƙa. Daga baya a Amurka aka samu irin su Airline Pilot Central, inda jadawalin albashin kowane kamfani da yanayin ɗaukar aikinsa suke a buɗe, kyauta. Wanda ya fito daga ganawa da hantsi, kafin magariba ya zayyana duk tambayoyin da aka yi masa, ɗaruruwa sun karanta. Mujallar da za ta iso bayan mako uku ta zama tuwon jiya. Kamfanonin jiragen su ma suka koma karɓar takardun neman aiki ta shafukansu, kundin adireshi ya zama ba shi da amfani.

FAPA na farko ya rufe a tsakiyar shekarun 1990. AIR Inc. ya ƙara jan zare har farkon 2009. Mutane suna son gajeren labari, su ce intanet ce ta kashe shi, a wuce wurin. Mu dai a ganinmu marubucin tarihi bai kamata ya yarda da wannan gajartawa ba. A Disambar 2007 Amurka ta ɗaga shekarun ritayar matuƙa daga 60 zuwa 65, ma'ana na tsawon shekara 5 kusan babu wanda tsufa zai tilasta wa barin kujera. A 2008 farashin gangar mai ya haura dala 140, sannan tattalin arzikin duniya ya karye. Ɗaukar aiki ya tsaya cik. Wanda sana'arsa sayar da labarin ɗaukar aiki, ranar da aka daina ɗauka me zai sayar? Gara ta daɗe tana cin ginshiƙin, iska ce ta zo ta kayar da rumfar. Da babu intanet, wataƙila da mambobi sun ci gaba da biya suna jiran gari ya waye, kamar yadda suka yi a faɗuwar kasuwa ta baya. Wannan karon suna da inda za su jira kyauta.

Abin da bai mutu ba shi ne koyar da mutum yadda zai tsaya a gaban masu ganawa, da duba masa takardu ɗaya bayan ɗaya, da shirya taron haɗuwa da masu ɗauka. Har yau ana biyan kuɗi a kan waɗannan, kuma sunan FAPA ma ya dawo daga baya a wannan fanni na shawara da taruka. Jerin sunaye ya zama na kowa, amma mutumin da zai dube ka ya ce ga inda kake da rauni, shi har yanzu yana da farashi.

Yanzu mu dawo gida.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Bayan shekara 4, a 1929, layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya, saboda gyaɗa da auduga. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar da aka kafa rundunar sojan sama da makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna. Ku duba wannan ikon Allah: dogon da ya ƙare a Ƙaura, ɗaya bakin nasa yana garin da ake koyar da tuƙin jirgi. In ma a mota ka taho, ta Funtuwa, Giwa, Shika, Samaru, sai ka wuce ta gaban makarantar a Palladan kafin ka shiga gari, kana iya hango ƙananan jiragen ɗalibai suna shawagi. Tafiyar yini ɗaya ce ba ta cika ba. Amma tsakanin yaron Zurmi da ƙofar nan akwai nisan da ba mota ke cinye shi ba, wato sanin yaushe ake sayar da fom, me ake buƙata, wa zai biya.

A wajenmu cinikin labari bai zama kamfani mai allo a ƙofa ba. A warwatse yake a hannun mutane, kowa da ɗan abin da yake karɓa. Sanarwar ɗaukar ɗalibai ko ta aikin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, a jaridun Turanci take fitowa, irin su New Nigerian ta Kaduna da Daily Times ta Legas. Daga baya jaridar Guardian ta ranar Talata ta yi suna wajen tallar guraben aiki, har masu neman aiki a faɗin ƙasar nan suka san ranar. Jarida kuwa sai ta biyo mota ta sauka Gusau kafin ta ƙaraso Ƙaura, ta Shinkafi da Zurmi sai wani ma'aikaci ko direba ya riƙo. Sanarwar da ta ba da mako biyu, kafin ta iso hannun wanda ya dace, rabin wa'adin ya tafi. Sai mai jarida ya zama ɗan kasuwar labari na farko: in ba ka da kuɗin saye, ka ba shi ɗan wani abu ka karanta a tsaye, ka kwafi adireshi a bayan takarda. Da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura a 1983, garin ya samu ɗakin karatu da malamai masu sayen jarida da shagunan ɗaukar kwafin takardu, abin ya ɗan yi sauƙi ga na kusa.

Sai kuma gidan waya, inda ake aika takarda a jira amsa. Sai rediyo, inda ake jin sanarwar hukumar ba da tallafin karatu. Kada mu manta, har zuwa 1 ga Oktoba 1996 duk yankin nan jihar Sakkwato ne, don haka neman tallafi yana nufin kuɗin mota zuwa Sakkwato da wurin kwana a gidan ɗan uwa. Hatta maniyyatanmu daga filin jirgin Sakkwato suka saba tashi, kuma ga mutane da yawa a nan ne karon farko da suke ganin matuƙi da idonsu, da farar riga da igiyoyi a kafaɗa.

Babbar hanya dai ita ce mutum. Kawu da ke aiki a Kaduna, ɗan unguwa da ya shiga sojan sama, malamin makaranta da abokinsa yake Zariya. Ba a ce masa kuɗi, amma ana biya: gaisuwa, goro, 'yar kaza, buhun gero bayan kaka, da biyayyar shekaru. Wanda gidansu ba su da irin wannan mutum, labari ba ya isowa, ko ya iso bayan an rufe. Kuma labarin da ya fi kowanne tsada shi ne wanda ya kamata yaro ya ji tun yana tsakiyar sakandare, cewa kada ya yi wasa da Lissafi da Fiziks da Turanci, domin ba a shiga ajin tuƙi sai da su a cikin darussa biyar da ya ci da kyau. Wanda ya ji wannan bayan ya gama makaranta, an ba shi labari ne kawai, ba a ba shi dama ba.

Lokacin da Kabo Air ya fara a Kano a 1980, ya zo yana jigilar alhazai da manyan jirage, ƙofa ta ƙaru a Arewa. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, matuƙansa suka watsu. Daga baya aka samu Max Air da Azman da Rano. Guraben suna buɗewa suna rufewa, amma hanyar jin labarinsu ta daɗe tana nan yadda take, daga baki zuwa kunne.

Wayar salula ta shigo Najeriya a Agustan 2001, layi ɗaya yana kai naira dubu 20. Intanet ta biyo baya a hankali, ta fara da kafe a manyan garuruwa kafin ta sauko cikin waya. A nan ne tarihinmu ya rabu da na Atlanta. Can intanet ta ture mai sayar da labari daga kujerarsa. Nan kuwa sabuwar kujera ta kafa masa. Hukumomi suka mayar da komai kan shafi: rajistar JAMB, duba sakamakon WAEC da NECO, neman shiga soja, neman tallafi. Labarin kyauta ne, gaskiya. Amma kafin ka kai gare shi kana buƙatar kwamfuta, da wuta, da sabis mai ƙarfi, da na'urar ɗaukar hoton takardu, da Turancin da zai fahimci abin da fom yake nufi. Wanda yake da waɗannan biyar shi ne mai kafe. Ga kuma katin nan da ake kankarewa a ga lamba, wanda ya zama haja mai zaman kanta, ana ɓoye shi a tsawwala kuɗi, har JAMB ta daina amfani da shi wajen rajista a 2017.

Ba mu raina mai kafe ba. A garuruwanmu ya yi aikin da FAPA ya yi a Amurka, ba tare da ya taɓa jin sunan ba. Shi yake liƙa sanarwa a jikin ƙofa, shi ya san fom ɗin da ke buɗe da ranar rufewa, shi zai ce maka hoton nan ya yi nauyi shafi ba zai karɓa ba, shi zai tashi da tsakar dare lokacin da sabis ya fi sauƙi ya tura maka. Wanda ya ga cunkoson shagunan nan lokacin da aka buɗe N-Power a 2016 ya san abin da muke faɗa. Illar kawai ita ce mai kafe ya san yadda ake cike fom, bai san aikin da ake nema ba. Ba shi ne zai gaya wa yaro cewa kafin mahaifinsa ya sayar da gona, ya fara zuwa wajen likitan da hukumar sufurin sama ta amince da shi a duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa ba. Akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore sosai kuma ba su sani ba, wannan kaɗai yana iya rufe ƙofar tuƙin jirgin fasinja.

Bayan mai kafe sai ɗan damfara, wanda shi ne ya fi kowa cin ribar sabon zamani. A da ƙarya tana da tsada, sai ka biya jarida ta buga maka. Yanzu kowa yana iya ɗauko tambarin kamfanin jirgi ko na sojan sama, ya rubuta cewa ana ɗaukar matasa za a kai su waje koyon tuƙi kyauta, a tura naira dubu kaza na rajista zuwa wannan asusu. Saƙon zai shiga WhatsApp da safe, kafin azahar ya zaga Ƙaura da Moriki da Shinkafi, kowa yana turawa da kyakkyawar niyya, har da addu'ar Allah ya ba mai rabo sa'a. Shi ya sa rundunonin soja suke ta nanata cewa neman shiga aikinsu kyauta ne kuma ta shafinsu kaɗai ake yi. Abin da ya sa mutane suke faɗawa shi ne an riga an saba musu da biyan kuɗi kafin neman aiki, kuma ba 'yan damfara ne suka fara koyar da hakan ba. A ɗaukar aikin hukumar shige da fice na 2014, an karɓi naira 1,000 daga kowane mai nema ta intanet. Mutum fiye da rabin miliyan suka nema, guraben ba su kai 5,000 ba. Ranar 15 ga Maris aka tara su a filayen wasa, aka yi turmutsitsi, aƙalla mutum 15 suka rasu. Wanda ya ga hukuma ta karɓi dubu ɗaya, me zai sa ya yi shakkar wanda ya ce ya kawo dubu biyar?

To a ce ma labarin gaskiya ne ya iso, kuma da wuri. Nan ne za mu ga iyakar abin da intanet take iya bayarwa. Yau yaron Zurmi mai waya zai iya sanin duk matakan cikin dare ɗaya. Akwai lasisin farko na mai tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, akwai lasisin tuƙi na sana'a da ke buƙatar awa kusan 200 a sama, akwai babban lasisi na kyaftin da ke buƙatar awa 1,500. Zai ga kuɗin makaranta, wanda a tsakiyar shekarun 2010 jaridu suke ambaton naira miliyan 7.5 a Zariya, kuma ya yi ta hawa tun daga lokacin. Zai kuma gano abin da da yawa ba sa sani sai sun gama: lasisin sana'a kaɗai ba ya zaunar da kai a gaban Boeing 737. Kowane samfurin babban jirgi yana da nasa horo na musamman da tasa shaida, ana yin sa a na'urar koyo, galibi a ƙasar waje, da dala ake biya. Kamfanoni kuma suna son mai awoyi da yawa, awoyin kuwa ba sa taruwa sai an ɗauke ka.

Kano ta ga wannan da idonta. A wa'adin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, jihar ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun je, sun koyo, sun dawo da lasisi. Wasu sun samu shiga kamfanoni, amma da yawa sun daɗe a ƙasa suna jira, saboda wancan horo na samfurin jirgi da ƙarancin gurabe. Waɗannan ba labari suka rasa ba, suna cikin kowane zaure na matuƙa, sun san kamfanin da ya sayo jirgi tun kafin ya sauka Legas. Abin da suka rasa kujera ce da kuɗin mataki na gaba. A kasuwa mai kamfanoni ƙalilan irin tamu, har gobe kalmar kyaftin ɗin da ya san ka ta fi sanarwa ɗari nauyi. Wato kawun nan na Kaduna bai tafi ko'ina ba, lambarsa ce kawai ta shiga waya.

Bari mu ɗan ratse, tunda mu marubuta ne. Wannan labari ba baƙo ba ne a gare mu. Lokacin da littattafan Hausa suke fita daga kasuwar Kano a ɗaure, su bi mota zuwa Gusau da Ƙaura, mai shago yana sayarwa ko ya ba da haya, abin da mai karatu yake biya har da kuɗin tattarawa da kawowa. Yau marubuciya tana buɗe zaure a WhatsApp, a biya 'yan ɗaruruwa a shiga, kafin ta kai babi na goma wata ta kwashe ta watsa kyauta. Manhajar OkadaBooks da wasunmu suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023. Duk abin da za a iya kwafa a tura, farashinsa yana gangarowa ƙasa, ko jadawalin albashin matuƙa ne ko labarin soyayya. Wannan zance ne na wani makon, mu koma kan jirgi.

Shekarar da ta fi kowace bayyana matsayin yankinmu a wannan tarihi ita ce 2021. A ƙarshen Fabrairu aka sace ɗalibai mata a Jangebe. A farkon Maris gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara. Ranar 3 ga Satumba kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a samu damar yaƙar 'yan bindiga. An rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, an taƙaita sayar da mai. A shekara guda an rufe sama, an rufe waya, an rufe kasuwa.

Shafukan neman aiki da na makarantu da ke Abuja da Kaduna da Zariya ba su tsaya jiran kowa ba. Ranar rufewa tana nan yadda aka sa ta. Wanda yake jiran saƙon gayyata zuwa jarrabawa ko tantancewa, saƙon yana can a rataye, wayarsa tana aljihu kamar dutse. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya su duba saƙo, har Katsina ita ma ta kashe sabis a ƙananan hukumominta na wannan ɓangare, ciki har da Funtuwar. Wasiƙa ta dawo. Ana rubutawa a ninke, a kai tasha, a ba direba da ɗan na goro, kamar yadda iyayenmu suka yi a zamanin da jarida take kwana a hanya.

Ranar 1 ga Oktoba aka maido da sabis a Gusau kaɗai. Daga nan labari ya koma yana da farashi tsayayye, wato kuɗin mota zuwa babban birnin jiha da dawowa: kimanin kilomita 60 daga Ƙaura, fiye da 100 daga Shinkafi, a kan hanyar da kowa ya san abin da ke cikinta a lokacin. Ɗan Zurmi sai ya fara fitowa Ƙaura kafin ya kama hanyar Gusau. Wanda ya je ya dawo, 'yan unguwa suna tare shi suna tambaya ko an saki sunaye, ko an ɗaga ranar rufewa, ko ya duba musu nasu. Sauran ƙananan hukumomin sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin a buɗe musu, bayan kusan wata uku.